Shaihu Umar da Mustafa Sa'id: me ya sa namu labarin ya yi sanyi?

Ɗan_Misfala
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya min a rai ina so masu ilimin cikinmu su warware min. Kwanan nan na sake karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma a lokaci guda ina bin Mausimul Hijra ilash Shimal, littafin Larabci na Ɗayyib Salih marubucin Sudan, wanda tauraronsa shi ne Mustafa Sa'id. In ka duba ginin ɗaya ne: mutum ya bar garinsu ya yi nisa, daga baya ya zo ya zauna cikin mutanen da ba su san asalinsa ba, ran nan aka tambaye shi sai ya buɗe baki. Shaihu Umar a garin Rauta kusa da Bauchi almajiransa ne suka tambaye shi daga ina ya fito. Mustafa Sa'id a ƙauyen bakin Nilu mai ba da labarin ne ya matsa masa bayan ya ji shi yana karanto waƙar Turanci cikin maye. To amma labarin Mustafa kana karantawa jikinka na ɗaukar zafi, shi kuwa Shaihu Umar an sace shi yana yaro, an kai shi Kano, an ƙetara da shi sahara, uwarsa ta fito nemansa ita ma aka bautar da ita, da suka haɗu ba ta jima ba ta rasu, duk wannan yana faɗa ne ba fushi ba kuka kai ka ce labarin wani yake bayarwa. Ni dai abin da na gani shi ne marubutanmu na farko sun iya jera abin da ya faru amma ba su iya buɗe cikin mutum ba. In ba haka ba ne a nuna min don Allah.

Bint_Gadarif
Wa alaikumus salam. Kafin malamai su iso, yaya ni ina ga ka haɗa abin da bai haɗu ba. Shaihu Umar 1934 ya fito, Mausim 1966, shekara 32 tsakani. Ɗayyib Salih ya zauna Landan ya yi aiki a sashen Larabci na BBC, ya karanta riwayoyi, wato ƙagaggun labarai, na Larabawa da na Turawa har ya ƙoshi. Tafawa Ɓalewa kuwa malamin makaranta ne a Bauchi bai wuce shekara 22 ba, kuma babu wani ƙagaggen labarin Hausa na boko a gabansa da zai duba ya ce bari in yi irinsa ko in fi shi. Su ne suka share filin.

AbuFaisal77
Wannan gaskiya ne

Ɗan_Misfala
@Bint_Gadarif na yarda su suka share filin, Allah ya saka musu. Amma wannan uzuri ne kika ba shi ƙanwata, ba ki ce maganata ba haka take ba.

Malam_Zaure
To ni zan ce ba haka take ba. Ɗan_Misfala ka tambayi kanka wa ke magana, kuma a gaban wa. Dattijo ne malami, yana zaune almajiransa sun kewaye shi. Mutum irin wannan a ƙasar Hausa ko ɗansa ne ya rasu da safe, in ka zo gaisuwa zai ce maka sai haƙuri, ya tambaye ka mutanen gida. Ba zai zauna gaban yaran da yake karantarwa yana bayyana yadda zuciyarsa ta karye ba. Da marubucin ya sa shi ya yi haka da ya ɓata tauraron, da kowane Bahaushe ya ce wannan ba malami ba ne. Saboda haka sanyin da kake ji salo ne, kuma ya dace da bakin da aka ɗora wa labarin. Irin tuwon nan ne da samansa ya huce, sai ka sa hannu ka san akwai wuta a ciki.

Kuma zafin yana nan, a cikin abin da mutane suka aikata aka ajiye shi. Mace ta bar gida ita kaɗai ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu sayar da mutane, aka kai ta Murzuk a ƙasar Libiya, duk wahalar da ta sha ba ta bar maganar yaron ba. Shi kuma yana can Ber Kufa a ƙasar Masar ya zama babban malami, ba abin da ya rasa, sai mafarki ya hana shi sukuni har ya tashi ya kamo hanya. Mene ne wannan in ba buɗe cikin mutum ba? Ɗayyib Salih yana sa tauraronsa ya yi ta magana a kan kansa. Tafawa Ɓalewa yana sa nasa ya tashi ya yi tafiya. Hanya biyu ce.

UmmuHanan_Jidda
Malam Allah ya ƙara ilimi. Wallahi kakata haka take ba da labarin zuwansu Saudiyya. Daga wajen Haɗejiya suka taso a ƙasa, suka yi shekaru a Sudan suna aikin auduga a Jazira kafin su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin, a hanya ta binne 'ya'ya biyu. In tana faɗa cewa kawai take yi "a nan Allah ya karɓi abinsa", ta wuce zuwa maganar tsadar dawa a shekarar. Muna yara muna ganin kamar abin bai dame ta ba. Sai da na haihu na gane.

Takari_Asali
Allah ya jiƙansu. Kusan kowane gida a nan akwai irin wannan labarin.

Ɗalibi_UmmulƘura
Ina neman afuwar Malam_Zaure, ni ina tsakiya. Na yarda da maganar kunya da kawaici, amma akwai wani dalili da ba a taɓo ba, wato wa ya nemi a rubuta littafin. Gasa ce Rupert East ya shirya a 1933 ƙarƙashin Hukumar Fassara ta gwamnatin Turawa, ana neman abin da za a ba 'yan makarantar boko su karanta. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Shaihu Umar, sai Jiki Magayi da John Tafida ya yi tare da East ɗin. Littafin da Bature zai duba ya buga ya raba wa yara, ina za ka zuba fushi a ciki? Ku lura duk muguntar da ke cikin Shaihu Umar ta zamanin kafin zuwan Turawa ce, harin bayi da hassadar fada. Ganɗoki ma da ya fara da yaƙar Nasara, ƙarshensa ya dawo gida ya tarar da zaman lafiya da makaranta. Ɗayyib Salih kuwa ya rubuta nasa shekara 10 bayan Sudan ta samu 'yanci a 1956, aka fara buga shi a mujallar Hiwar a Bairut, babu Ingilishin da ke tsaye a kansa. Don haka Mustafa ya iya ɗaukar kansa mai ramuwa a kan Ingila. To sanyin nan wani daga al'ada ne, wani daga wanda ke riƙe da injin ɗab'i.

Malam_Zaure
@Ɗalibi_UmmulƘura madalla, wannan ƙari ne mai kyau. Sai dai kar mu mayar da komai Bature. Mutumin da ya rubuta Shaihu Umar haka halinsa yake har ya zama Firayim Minista, duk wanda ya saurari jawabansa ya san ba mai ɗaga murya ba ne.

Kawu_Sabil
Ku yara kuna ta Shaihu Umar kun manta Jiki Magayi. Wanda ya ce na farko ba su iya zafi ba ya je ya karanta shi. Mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya bar gari ya shiga duniya ba abin da yake nema sai abin da zai rama da shi, ƙarshe abin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, yaron ya lalace har ya zama ajalin ubansa. Ina sanyi a nan? Mu da aka karanta mana shi a aji tsit muke yi.

Ɗan_Misfala
Kawu wannan kam akwai zafi. Amma shi ne kaɗai cikin biyar ɗin da Bature ya sa hannu a rubutunsa, to ka ga tambayata tana nan.

Kawu_Sabil
Hannun East na nan amma sammu da ramuwar gayya ba daga Ingila ya zo da su ba ɗana

ƊanMaiurno
Salam ya jama'a, yanzu na samu netwok. An ambaci Ganɗoki dole in sa baki, don mu wannan ba tatsuniya ba ce a wurinmu. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da nake ciki sunansa yake ɗauke da shi. Abin da ke ba ni takaici da littafin shi ne daidai inda labarinmu ya fara nan marubucin ya saki hanya. Da aka bar Burmi aka nufi gabas sai ya shiga aljanu da yaƙe-yaƙen da ba a yi ba. Mutanen da suka taka da ƙafa ta Wadai da Darfur da Kurdufan, yunwa, ƙishi, haihuwa a hanya, zama cikin mutanen da ba ka jin harshensu, duk babu. Ban zarge shi ba ya zol, abin da ya sani ya rubuta, sauran ya cike da irin na Dare Dubu da Ɗaya. Amma gurbin yana nan a buɗe.

Bint_Gadarif
@ƊanMaiurno sannu, ya jama'ar gida, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi na Sudan. Maganarka ta tuna min Aljango Masamirul Ard na Abdul'aziz Baraka Sakin, ɗan Kasala ne. A kan 'yan ƙwadagon da ke zuwa yankan riɗi a gabas wajen iyakar Habasha ya rubuta, ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009 sannan aka hana shi yawo a Sudan. Ni a cikin waɗannan mutanen na tashi, babana lokacin kaka ba ma ganinsa sai an gama yanka. Abin da littafin ya yi da ya burge ni, bai ɗauki mutum ɗaya ya ce ga tauraro ba, unguwar gaba ɗaya ce ke magana, wannan ya faɗi nasa wancan ya ƙaryata shi, jita-jita ma tana da matsayinta. Akwai wuraren da ya yi batsa da yawa ban ji daɗinsu ba, ba zan ba ƙanwata ta karanta ba. Amma salon nan na baki da yawa shi ya dace da labarin hijirarmu in za a rubuta, domin ba mutum ɗaya ya yi tafiyar ba.

AbuFaisal77
Yo ai Raja'a Alim ma ta yi abin da ya fi wannan a Ɗauƙul Hamam, lungu ne guda na Makka ta ba shi baki yake ba da labari, Abur Ru'us. Ta ci babbar kyautar riwayar Larabci da ake kira Booker ta Larabawa a 2011. Na fara shi ban iya gamawa ba wlh Larabcin ya yi nauyi

Hajiyar_Madina
Ni duk wannan ban karanta ba, ina dai bin ku. Tambayata ɗaya, yaranmu da aka haifa a nan wa zai karanta musu Shaihu Umar ɗin? Nawa suna jin Hausa sarai amma in ka ba su rubutun boko na Hausa sai su yi ta kallonsa, Larabci suka iya. Babbar ma in za ta yi min saƙo a jawwal, wato waya, da haruffan Larabci take rubuta Hausar.

Takari_Asali
Hajiya ai ta koma ajami ba ta sani ba, abin da kakanninmu ke yi ke nan

Malam_Zaure
Hajiya ki karanta musu da baki. Waɗannan littattafan na farko don kunne aka gina su, shi ya sa yawancinsu ke farawa da wani zaune ana tambayarsa. Bayan isha shafi uku ya isa.

Ɗalibi_UmmulƘura
Maganar kunne da Malam ya yi ta dawo da mu kan salo. Shi ma Mausim ai haka ya buɗe, mai labarin yana kiran masu sauraro "ya sadati", wato ya ku manyana, kamar yana majalisa. Kuma babin da ya fi kowanne rai a wurina shi ne hirar tsofaffin nan, kakan mai labarin da Wad Rayyis da Bint Majzub suna zaune suna ta zuba, ba abin da ke faruwa sai hira amma a nan za ka gane yadda ƙauyen ke kallon mace, kuma a nan aka shuka abin da zai faru da Husna, matar da Mustafa ya bari. Ke nan su biyun daga bakin mutane suka ɗebo. Bambancin da na gani a zubi ne. Shaihu Umar miƙaƙƙen zare ne, daga haihuwa zuwa Rauta, sai ɗan ratsen da yake yi ya ba da labarin uwar. Mausim kuwa gutsattsari ne, Mustafa ya faɗi rabi ya ɓace lokacin ambaliya, sauran sai mai labarin ya riƙa tsinta, wani a bakin mutumin da ya haɗu da shi a jirgin ƙasa, wani a takardu, wani a ɗakin nan da ke kulle mai cike da littattafan Turanci. Kai mai karatu kana nema tare da shi. Wannan neman shi ke kawo zafin da Ɗan_Misfala ke ji, ba wai yawan bayyana zuciya kaɗai ba.

Ɗan_Misfala
Yauwa, nan ka taɓo inda nake so. Kuma akwai na biyu: a Mausim mai sauraron labarin shi ma labarin ya cinye shi, ƙarshe ga shi a tsakiyar Nilu yana neman ceto. Almajiran Shaihu Umar fa? Sun yi tambaya a farko, shi ke nan ba a sake jin abin da labarin ya yi musu ba. An buɗe ƙofa da su an bar su a zaure.

Malam_Zaure
Wannan zan ba ka. Almajiran ba su yi aiki ba bayan buɗewa. Amma in kana neman inda masu labari biyu ke goga da juna a namu, Ruwan Bagaja za ka duba, Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Duk garin da aka je sai sun haɗu, wannan ya yi wa wancan tsiya wancan ya rama. Duk wanda ya karanta Maƙamatul Hariri a zaure zai gane ginin, Haris ɗan Hammam yana yawo yana cin karo da Abu Zaid a sabuwar kama, maƙama 50 a haka. Abubakar Imam ɗan malamai ne ya san waɗannan. A Magana Jari Ce kuma ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da labaran Turawa da na Indiya ya sa a bakin aku, ya yi musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne. Labari cikin labari cikin labari, kuma akun yana da dalilin kowane labari, yana jan lokaci ne don ya tsare ɗan sarki. Mutumin da ya iya wannan ba za a ce bai san dabara ba.

UmmuHanan_Jidda
Ku yi haƙuri maza kun yi ta zagaye kun bar matan cikin littattafan. Ni in za a kwatanta, uwar Umar da Husna bint Mahmud zan ajiye gefe da gefe. Dukkansu an mayar da su kaya, ɗaya an sayar ɗaya an aurar da ita dole ga tsoho bayan ta faɗa da bakinta cewa in aka tilasta ta za ta kashe shi ta kashe kanta, kuma ta aikata. Uwar Umar haƙuri da naci, Husna wuƙa. Amma ku lura dukkansu ba su ne ke ba da labarinsu ba, namiji ne ke faɗa mana, kuma dukkansu sai da suka mutu labarin namijin ya samu ya ƙarasa. Sai da mata suka ɗauki alƙalami da kansu abin ya canza. Hafsat Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta yi Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ku dubi Rabi a Alhaki, miji ya kore ta da 'ya'ya tara saboda sabuwar mace, ba ta mutu ba ba ta kashe kowa ba, ta kama sayar da abinci ta riƙe yaranta. Kuma a nan Ɗan_Misfala ba zai ce ba a buɗe ciki ba, har kuɗin cefane ana lissafawa a gabanka, kana jin yadda ranta ke ƙuna.

AbuFaisal77
Anti littattafan kasuwar Kano kuma za mu kawo cikin wannan magana? Fim ɗin Indiya ne a takarda

UmmuHanan_Jidda
@AbuFaisal77 ka karanta wanda na ambata ko kuwa ji ka yi ana faɗa? Akwai tarkace a cikinsu ban musa ba, a bajekolin littattafai na Jidda ma tarkacen Larabci sun fi na kirki yawa. Alhakin nan da kake rainawa an fassara shi zuwa Turanci a 2012, kuma a Indiya ɗin aka buga shi. Su waɗannan littattafan ne matan unguwarmu ke aikowa a kawo musu daga Kano lokacin aikin Hajji, ana karɓa-karɓa har bango ya cire. Da su da yawa suka koyi karatun boko.

Bint_Gadarif
Anti UmmuHanan kin gama magana wallahi. Abu ɗaya zan ƙara, ƙarshen Alhaki bai min daɗi ba, yadda bayan dukiyar mijin ta ƙone aka taru aka matsa wa Rabi ta koma. Sai dai kuma haka ake yi a gaske.

UmmuHanan_Jidda
Shi ya sa na yarda da littafin. Da ta ƙare shi da daɗi da ƙarya ta yi mana.

Sa'i_Riyad
Na daɗe ina karatu ban yi magana ba, ina wurin aiki. In jigon bauta ake so a kwatanta, ni a ganina ba Mausim ne abokin Shaihu Umar ba, Fikhakhur Ra'iha ne na Yusuf Almuhaimid, ɗan nan Riyad, 2003. Akwai Taufiƙ a ciki, yaro ne aka kama a Sudan, ƙanshin gasasshen nama aka yi musu tarko da shi suna cikin yunwa, aka ƙetaro da shi Bahar Maliya, aka yi masa dandaƙa aka sa shi hidimar gidan manya. Da aka soke bauta a nan Saudiyya a 1962 aka ce ya tafi ya 'yantu, ya tafi ina? Ba iyali ba sana'a ba garin komawa. To ku duba, Umar ya faɗa hannun Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa ya sa shi karatu, bautar ta zame masa hanyar malanta. Taufiƙ bautar ta cinye shi gaba ɗaya. Abin da ke damuna da Shaihu Umar ke nan, ba sanyin murya ba, a'a yaron da aka zaɓa a bi. Cikin ayarin nan da ya ƙetara sahara yara nawa ne suka zama Shaihu? An bi wanda ya dace, an bar sauran.

Malam_Zaure
Sa'i ba a bar su duka ba, uwar tana nan, ita ce sauran. Marubucin ya raba bautar gida biyu, ɗa ya samu ubangida na kirki uwa ta samu azzalumai, ya ajiye su kusa da juna ya yi shiru. Kuma ayarin dawowa guguwar rairayi ta binne shi har da Abdulkarim ɗin, Umar kaɗai ya fita. Ni ban ga alamar mai son ya wanke fataucin bayi a nan ba.

Sa'i_Riyad
Ban ce ya wanke ba Malam. Na ce wanda ya tsira shi aka ba bakin magana.

ƊanMaiurno
To ai kullum wanda ya tsira ne ke ba da labari ya zol. Mu ma nan jikokin waɗanda suka iso ne, waɗanda suka kwanta a hanya ba su bar kowa ba. Ni abin da nake so in ji daga masu nazari, in yau wani cikinmu zai rubuta tafiyar nan, da wane harshe? In ya yi da Hausar boko yaran Hajiyar_Madina ba za su karanta ba, namu na nan ma haka. In ya yi da Larabci mutanen Sakkwato da Kano ba za su karanta ba, kuma maganar kakanninmu in ta shiga fusha, wato Larabcin littafi, ta mutu.

Ɗalibi_UmmulƘura
Da Larabci an fara ai. Mahmud Tarawri yana da riwaya mai suna Maimuna a kan iyalin da suka taso daga Afirka ta Yamma suka zauna a Hijaz. Ɗayyib Salih kuma ya nuna ana iya rubuta fusha a bar ƙamshin maganar ƙauye a ciki, a wani littafinsa Ursuz Zain ma abin ya fi fitowa. Na Hausa ne nake jira.

Hajiyar_Madina
Ku rubuta ko da wanne ne, tsofaffin suna ƙarewa. Maƙwabciyata da ta zo ta Sawakin tana yarinya bara ta rasu, ba wanda ya ɗauki muryarta.

Takari_Asali
Allah ya jiƙanta. Wannan magana ta fi komai muhimmanci a yau

Ɗan_Misfala
Amin. Na karanta duka. Maganar Malam ta cewa dattijo ba zai yi kuka gaban almajirai ba ta zauna min, ta Ɗalibi a kan zubi ma haka. Amma har yanzu akwai wuri ɗaya da na tsaya, ranar da Umar ya ga uwarsa bayan duk shekarun nan. Wannan ita ce ƙololuwar littafin, duk tafiyar saboda ita aka yi, kuma an wuce ta da sauri. Ko kawaici ne, marubuci yana iya tsayar da mu a ɗakin ya nuna mana hannunta, ya nuna mana yadda ta tsufa, ba sai kowa ya yi kuka ba. Kakar Anti UmmuHanan ba ta yi kuka ba amma ta ambaci tsadar dawa, wannan ƙaramin abin shi ya riƙe zafin. Irinsa nake nema a wurin ban samu yadda nake so ba.

Kawu_Sabil
Ka nemi fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 ka ga yadda suka yi da wurin, sannan ka dawo mu yi magana

Malam_Zaure
Fim daban littafi daban Kawu. Ɗan_Misfala ni a wurina saurin shi ne abin, an sha wahala shekara da shekaru an haɗu, kafin a gama murna mutuwa ta zo, haka mai karatu ma ba a ba shi lokacin ya zauna ba. Amma ka sake karanta wurin da ƙarfi, da baki, ba da ido ba, ka gaya min in bai canza ba.

Bint_Gadarif
Ni ina bayan yaya Ɗan_Misfala a wannan. Ko da baki aka karanta gajere gajere ne. Wa ke da littafin a nan Jidda? Nawa yana gida Gadarif.

UmmuHanan_Jidda
Ina da shi, tsohon bugun Zariya, shafin farko ya yage amma sauran lafiya. Ki yi min magana ta gefe in ba yaro ya kawo miki ranar Juma'a, in kin gama ki faɗa mana naki game da uwar.